Yadda Ake Shirya Tafiyar Ƙafa ta Kwanaki Zuwa Duwatsu da Tafkuna Daga Damagaram

Duk wanda ya tashi a Damagaram ba sai an koya masa darajar ruwa ba. Mun yi layin famfo da tsakar dare, mun bi ƴan garuwa da lallashi a watannin bazara, mun san nauyin bido, wato jarka, mai lita 25 a ka da kuma a kura. Wannan sanin shi ne jarin farko na mai son ya ɗauki iyalinsa su yi kwana uku ko huɗu suna tafiya a ƙasa tsakanin duwatsu da tafkuna. Mutane kan tambaye ni wane takalmi za su saya, wane irin tanti. Nakan ce mu ajiye wannan tukuna. Abu biyu ne ke yanke wa tafiyar nan tsawo: inda ruwan sha yake, da ƙafar wanda ya fi kowa rauni a cikin ayarin. A kan su biyun ake ɗora sauran shirin.

Zaɓen wuri

Daga nan hanya biyu ce a gabanka. Ta gabas ita ce ta iyali. Ka bi babbar hanya, kilomita 18 ka iso Mirya da lambunanta, ka wuce har Gidimuni, wajen kilomita 70 daga cikin gari. A can akwai tafki a cikin kwari, tudun rairayi sun kewaye shi, ga dabino ga rake ga masunta. A shekarar 2019 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke kulawa da su, kamar yadda aka sa tafkin Lasuri tun 2005. In ka ƙara gaba sai Gure, da duwatsun Muniyo, da tsaunin Kutus a arewacinta. Duwatsun wannan yanki ba su da tsawon da zai gagari yaro ɗan shekara takwas, ƙauyuka kuma ba su yi nisa da juna ba, kwalta na kusa in wani abu ya taso.

Ta arewa ita ce ta waɗanda suka riga suka goge. Ka bi ta Tanut da Adarbisinat, wajen kilomita 450 zuwa Agadas, sannan ka shiga duwatsun Azbin. Garin Timiya da ke cikin duwatsun na da nisan wajen kilomita 220 daga Agadas a kan hanya marar kwalta. Can ne ruwa ke zubowa daga baƙin dutse zuwa cikin gurbi mai sanyi, ga lambunan lemo da rumman a tsakiyar ƙasar da za ka rantse ba abin da zai tsira. Irin wannan ruwa da ke kwance a cikin dutse shi Abzinawa ke kira agelman, kuma shi ne tafkin dutse na ƙasarmu. Ga kuma dutsen Bagazam, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu inda ya fi shi tsawo a Nijar. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a gare mu. Unguwar Zango da ke nan Damagaram ta samo sunanta ne daga ayarin raƙuman da ke saukowa daga Azbin da gishirin Bilma su yada zango a bayan Birni, tsohuwar unguwar da fadar sarki take.

Shawarata ba ta da kwana: in akwai yaro ƙasa da shekara goma sha biyu, ko tsoho, ko mai juna biyu, ko kuma wannan ne karonku na farko, ku nufi gabas. Azbin na nan, ba inda za shi.

Lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabarairu. Daga Maris zafi ya fara, a Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, ba uban da zai sa ɗansa tafiyar ƙasa a irin wannan rana. Damina kuwa tana da kyan gani, amma ga sauro, ga ƙoramu da ke cikowa ba sallama. Hutun makaranta na ƙarshen Disamba ya fi dacewa da masu yara, sai dai a san cewa lokacin ne ɗari ke kan ganiyarsa. Duk mita dubu da ka hau sama, zafi na raguwa da wajen digiri 6, shi ya sa a saman Bagazam ruwan buta kan wayi gari ya daskare. Ka duba kalanda kuma kada tafiyar ta faɗo cikin azumi.

Gwaji kafin tafiya

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne mafi arha. Wata guda kafin ranar tashi, kowace Lahadi bayan sallar asuba ka fitar da duk wanda zai je. Ku hau duwatsun nan na cikin gari da kewaye, ku sauko, ku yi tafiyar awa biyu, kowa da takalmin da zai tafi da shi da jakar da zai goya. Mako na biyu a ƙara rabin awa. Kai kuma ka sa ido. Wa ke fara yin shiru? Wa ke ɗingishi yana ɓoyewa? Wa ke shanye ruwansa tun ba a yi nisa ba? Yara ba sa cewa sun gaji sai abin ya wuce gyara, musamman in akwai yayye a gaba suna sauri.

A nan za ka samo lissafinka na gaskiya. Babban mutum mai lafiya yana cin kilomita 5 a awa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a ƙara masa awa guda a kan kowace mita 600 ta hawa. Da yara, ka lissafa kilomita 3 a awa, cikin rairayi ma ba za a kai haka ba. Kilomita 6 zuwa 8 a yini sun ishi iyali. Samari majiya ƙarfi za su iya 15 zuwa 20. In autarka kilomita 6 take iyawa, to zangon kowa kilomita 6 ne, ko da akwai soja a cikinku. Jakar yaro kuma kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa.

Lissafin ruwa

Zauna da takarda da alƙalami. Babba mai tafiya a ƙasa, ko da ɗari ne, a ware masa lita 5 na sha a yini, domin iskar hunturu na busar da jiki ba tare da an ga gumi ba. Yaro lita 3. Sannan girki da shayi da alwala, a ƙara lita 2 ga kowane kai. Mu ɗauka kai da maiɗakinka da ɗan jagora da yara uku ne: na sha lita 24, na hidima 12, jimilla 36. Ka ce 40 saboda zubewa. Jaki yana ɗaukar bido biyu, wato lita 50. Ka ga ke nan kayan jaki guda ruwan yini ɗaya ne da ɗan ragowa, shi jakin ma sai ya sha.

Abin da lissafin ke gaya maka shi ne, ba za ka iya ɗaukar ruwan kwana uku daga gida ba. Dole kowane zango ya ƙare a bakin rijiya ko famfo. Saboda haka rijiyoyin za ka fara jerawa a takarda, sannan ka ja layin hanya a tsakaninsu. Kada ka fara da zana hanyar da ta burge ka sannan ka shiga neman inda za a sha.

Akwai kuma yadda ake tambaya. Wata shekara, a tasha, wani bawan Allah ya tabbatar mani akwai famfo a wata ruga da muka sa a matsayin zango na biyu. Bai yi ƙarya ba, famfon na nan. Mun iso bayan la'asar muka tarar ya lalace tun kaka, an ɗaure hannunsa da igiya, awaki na kwance a inuwar dakalinsa. Autarmu ta dube ni ta ce, "Baba, a nan za mu sha?" Bido ɗaya da na hana a taɓa tun safe shi ya kai mu rijiya ta gaba, tafiyar awa ɗaya da rabi, muka isa da fitila. Tun daga ranar ban ƙara tambayar mutum ko akwai rijiya a wuri kaza ba. Abin da nake tambaya shi ne, "Malam, yaushe rabonka da shan ruwanta?" In ya ce shekaranjiya, na rubuta. In ya ce bara, ko ya ce ya ji an ce, sai in nemi wani. Makiyaya da mata masu ɗibar ruwa su ne suka fi kowa sanin wannan. Bido guda na ajiya kuwa ba a buɗe shi sai an ga rijiyar gaba da ido.

Kada ka sa tafkin cikin lissafin ruwan sha. Wasu tafkunan gabas ruwansu na da kanwa, wasu kuma dabbobi na shiga har tsakiya. Ruwan rijiyar ma a gyara shi: a tace da tsumma mai tsabta, sannan a tafasa ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar Aquatabs gwargwadon abin da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Jarkokin su zama waɗanda ba a taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki ba. Na man girki ma a wanke su da toka da ruwan zafi kwana biyu kafin tafiya, in ba haka ba yara za su ƙi shan ruwan saboda wari, yaron da ya ƙi sha kuwa ya fi wanda ya gaji haɗari.

Ɗan jagora, jaki da izini

Da ɗan gari akan ci gari. Ka je wurin tun mako guda kafin tafiyar, kai kaɗai, ka fara da ƙofar mai gari. Ka gaisa yadda ya kamata, ka ajiye goronka, ka ce, "Ranka ya daɗe, daga Damagaram nake. Ina so in kawo iyalina mu ga ƙasarku a ƙafa, kwana uku. Na zo neman izini da kuma wanda zai yi mana jagora." Mutumin da mai gari ya ba ka ya fi wanda ka tsinta a bakin hanya, domin akwai wanda zai tambaye shi in wani abu ya faru. Ku yi ciniki a gaban shaida: kuɗin yini nawa, na jaki nawa, abincinsa a kan wa, harawar jakin a kan wa, wa zai mayar da dabbar gida. Ka ba da rabi, rabi sai an dawo. Ka riƙe canji, ƴan dala ɗari da ƴan jika guda, domin a ƙauye takardar jika goma ba ta da mai canzawa.

Daga nan ka biya ta wurin jandarma mafi kusa ka sanar da su ku nawa ne, ina za ku bi, yaushe za ku fito. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, yara kuma takardar haihuwa. In wurin na cikin gandun da ake karewa, ka ga jami'an gandun daji.

Ga masu nufin Azbin, wannan matakin ya fi kowane nauyi. Halin tsaro a arewa yana sauyawa, labarin bara ba ya aiki bana. Sai ka isa Agadas, ka ji daga bakin hukuma ko hanya a buɗe take, ko ana bukatar rakiya, kuma in an ce a dakata, ka dakata. Ka ɗauki jagora ɗan yankin wanda aka sani, da direban da ya saba da hanyar, mota biyu sun fi ɗaya. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a wasu sassan duwatsun, saboda haka ba a kauce wa turbar da mutane da dabbobi ke bi. Harshe ba zai zame maka matsala ba, Hausa ake yi a Agadas, mafi yawan masu jagora ma suna ji.

Kaya da guzuri

Takalmi rufaffe wanda ƙafa ta saba da shi, da safa biyu-biyu. Sabon takalmi ranar tafiya bororo ne kawai a ƙafa. Silifa ta zama ta zango, domin ƙarangiya da ƙayar aduwa ba sa raga wa ƙafar yaro. A sa ɗan hantsaki a aljihu saboda cire ƙaya. Rawani ko mayafi ga kowa, yana tare rana da ƙura, da dare ya rufe kunne. Bargo, rigar sanyi, tabarma, gidan sauro ko da ɗari ne tunda kusa da ruwa za a kwana, man kaɗanya saboda leɓe da faso, fitila ga kowane babba, ashana a cikin leda, wuƙa, igiya, tukunya ɗaya, butar shayi. Waya a cika ta da caji, a tafi da batirin ajiya ko ƙaramin faifan sola, a kuma riƙe layin kamfani biyu, domin inda wani ya ɗauke wani kan kama.

Guzuri kuwa kakanninmu sun gama mana aikin. Kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis za ta ba ka duk abin da kake so: kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo, gyaɗa, cuku, busasshiyar kuɓewa, tattasai, taliya, shinkafa. A gida a daka tukuɗi, gero da dabino da cuku, wanda ake damawa da ruwa a sha a tsaye ya riƙe ciki har azahar. Wake yana cin itace da ruwa, a bar shi sai daren da aka sauka kusa da rijiya. Alkaki da alewa a ɓoye su a jakar uwa, ranar da ƙafa ta yi nauyi za a san amfaninsu.

Jakar magani: farasitamol, bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, filasta, gishirin zawo na leda. In ya ƙare, lita guda ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai asma ko hawan jini ko ciwon suga ya ga likita kafin a tashi, ya riƙe maganinsa a jikinsa, ba a kan jaki ba.

Yadda yini ke tafiya

A yi asuba, a sha shayi da tukuɗi, a ɗaure kaya, a kama hanya kafin rana ta fito sosai. Jagora a gaba, mafi rauni na bin sa, babba guda a can baya wanda ba wanda zai wuce ya bari. Duk minti 45 a tsaya, kowa ya sha ko bai ji ƙishi ba. Ƙarfe goma sha ɗaya a nemi inuwar gawo ko ta dutse a yada zango har la'asar. Matafiyi na da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli in tafiyar ta kai, da taimama in ruwa ya yi ƙaranci, ka tambayi malaminka hukuncin tun a gida. Bayan la'asar a ƙarasa abin da ya rage, a sauka da sauran rana, awa guda aƙalla kafin magariba.

Wurin kwana ya zama tudu, nesa da bakin ruwa da ɗan taki, nesa da turbar shanu. Kada a kwana a cikin ƙorama ko da ta bushe ƙayau, musamman a Azbin, inda ruwan da aka yi a wani dutse mai nisa kan sauko cikin dare. A share wurin, kada yara su ɗaga duwatsu ko su zura hannu a rami, da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama. Ka ba kowane yaro aikinsa, wannan ya ƙirga jarkoki, wancan ya tara ƙirare, ita kuma ta riƙe littafin da ake rubuta tsuntsayen da aka gani. Yaron da ke da aiki ba ya yawan tambayar yaushe za a koma gida.

A bakin tafki

Nan ne zuciyar uba za ta yi rauni, domin yara sun sha tafiya, ga ruwa shimfiɗe yana ƙyalli, belbela na sauka, kowa na roƙon a bar shi ya faɗa. Ni ba na bari, kuma ina gaya masu dalili tun a gida don kada ya zama rigima a can. Ruwan da ke kwance a ƙasarmu yakan ɗauki tsargiya. Ƙwayar cutar na rayuwa a jikin ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai wanki, bayan makonni a ga jini a fitsari. Ba sai an sha ba, tsayawa a ciki ma ya isa. In ana son wanka, a ɗebo a bokiti a dafa, ko a yi da ruwan rijiya.

Gurbin ruwan dutse kuma nasa haɗarin daban ne. Yana da sanyi ƙwarai, zurfinsa ba ya ganuwa daga sama, gefensa na da santsi. Ba tsalle daga kan dutse, yaro kuma kada ya yi nisan da hannunka ba zai kai gare shi ba. Ka tuna mutanen wurin da dabbobinsu da shi suka dogara, kada a sa sabulu a ciki, bayan gida a yi nesa a binne, leda da gwangwani a dawo da su cikin buhu. Lambun mutane ba a shiga sai da sallama, abin da aka ci a biya, hoto kuma sai an nemi izini, balle na mata.

In abu ya ɓaci

Kafin ku tashi, ka bar takarda a hannun wani ɗan'uwa a gida: zangon kowane dare, lambar jagora, lambar direba, da ranar da in bai ji ku ba zai je wurin jandarma. A kowane zango ka san ƙauye mafi kusa da mota ko babur ke iya shiga, da gidan likita mafi kusa. Direban da zai ɗauke ku a ƙarshe ku tsayar da wuri da sa'a, kada ka biya shi duka sai ya zo.

Yaron da ya daina fitsari, ko fitsarinsa ya yi ja, ko ya fara ciwon kai da jiri, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In ya fara sambatu ko ya ƙi sha, tafiya ta ƙare, sai likita. Saran maciji, musamman kububuwa da ke son tsakuwa da duwatsu: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da abin hannu, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗora mutum a jaki ko babur zuwa asibiti. Harbin kunama ga ƙaramin yaro ma asibiti ake kai shi, ba a jira a gani.

Bayan an dawo, a wanke jarkoki a shanya, a aika wa mai gari da jagora saƙon an sauka lafiya. Duk wanda ya yi zazzaɓi cikin makonnin da suka biyo baya a yi masa gwajin maleriya a ranar. Wanda kuma ya shiga ruwan tafki, ko da sau ɗaya ne, a gaya wa likita a auna fitsarinsa bayan kamar wata biyu, in an samu tsargiya akwai maganinta, Praziquantel, ana ba da shi gwargwadon nauyin jiki.